Ampul ɗina ya fi na maƙwabcina wat amma ban ganin kafar allura da dare, mi ke faruwa?

Tela_Bagalam

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina gajiya, ƙaƙa sanyi. Tambaya gare ni ga masu ilimin wuta da masu aikin sola, don abin ga ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Ni tela ne, shagona na nan Bagalam cikin Maradi, na fi shekara ashirin bisa keke. Bara na sa panno na sola guda na wat 150 da batir ɗaya don in riƙa samun aikin dare, kun san bayan kaka bukukuwa ba su ƙarewa kuma kowa na son kayanshi yanzu yanzu. Da na je sayen ampul na ce ma yaron ya ba ni mai ƙarfi, ya ba ni LED mai wat 15, fari tas, na kafa shi can sama jikin rufi tsakiyar shago. In ka shigo za ka ce rana ce, bango haske ƙasa haske, amma wallahi in na zo zura zare sai in yi ta lalube, in shaddar baƙa ce kuwa ban ganin layin ɗinki sam, shekaranjiya sai da na warware wuyan riga guda har sau biyu, ga ido na yi mani yaji tun kafin ƙarfe goma.

Abin da ya ɗaure mani kai, maƙwabcina mai gyaran portabul ɗan ƙaramin ƙwai gare shi na wat 5, ya lanƙwaso shi bisa teburinshi, kuma yana ganin ƴan kusoshin nan na cikin waya masu kamar ƙwayar gero. To ni da wat 15 mi ya hana? Cutata anka yi wajen saye ko idona ne ya fara rauni?

Ta biyu kuma panno ne. Tun da hazo ya sauka batir ba ya cika, da can ƙarfe biyu na rana ya cika, yanzu har la'asar sakaliya bai cika ba alhali ba hadari ba girgije. In ƙaro wani panno ne ko in sai babban ampul na wat 30? Kuɗin ba su isa duka biyun shi ya sa nike son shawara kafin in kashe ko dala.

Dan_Zariya

Baba ampul ɗin ne jabu, sun cika kasuwa yanzu, a rubuta 15 a jiki alhali ciki ko 7 bai kai ba. Ka sai mai wat 30 ko 40 ka duba wanda anka rubuta 6500 a kwalinshi, shi ya fi kowane haske, shi na sa a ɗakina.

Mushe_Fizik

Wa alaikumus salam Malam tela. Don Allah riƙe kuɗinka tukuna kar ka sai komi. Ni ina koyar da fizik a lise, kuma abin nan da ka faɗa shi ne darasin da nike fama da yara a kanshi kowace shekara, ga shi kai ka gan shi da idonka bisa keke.

Wat ba awon haske ba ne, awon cin wuta ne, abin da ampul ke zuƙa daga batir ɗinka. Hasken da yake fitarwa da lumen ake auna shi, duba jikin kwali za ka ga lamba sai lm a gabanta. Tsohon ƙwan nan mai zare a ciki wanda ke ƙona hannu, mai wat 60, lumen wajen 800 yake ba da wa, LED mai kyau na wat 9 shi ma wajen 800 ɗin ne, don tsohon mafi yawan wutar da ya ci zafi take zama ba haske ba. Gaskiyar Dan_Zariya ce akwai jabu a kasuwa, amma 6500 ɗin da ya ce launi ne ƙanena ba ƙarfi ba, 6500 fari mai ɗan shuɗi, 3000 mai ruwan ɗorawa, ana iya samun su biyun da lumen ɗaya.

To ko lumen ɗin ma ba shi ne damuwarka ba Malam. Allurarka ba ruwanta da yawan hasken da ya fito daga ampul, abin da ya shafe ta shi ne nawa ya sauka kanta. Wannan shi ake aunawa da luks, luks guda shi ne lumen guda ya bazu bisa fili mai metir guda tsawo metir guda faɗi. Ɗauki tocila ka haska bango kana kusa, za ka ga ɗan zagaye ƙarami mai ƙarfi, ja da baya zagayen ya buɗe hasken ya dushe, tocilar ba ta rage komi ba, hasken nan dai ne anka raba ma fili mai yawa. Inda mutane ke kuskure shi ne suna zaton in ka ninka nisa sau biyu haske rabi zai koma. Aa, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Kai tela ne ka ma fi ni sanin wannan, ƙyalle in ka ninka tsawonshi ka kuma ninka faɗinshi ai huɗun na farko ka ci ba biyu ba. Haka filin da haske ke bazuwa yake. Nisa sau uku, kashi ɗaya cikin 9 ya rage, sau huɗu ɗaya cikin 16. Wani masani ɗan Jamus, Johannes Kepler, ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1604.

Yanzu mu yi lissafin shagonka. In ce daga rufi zuwa farantin keke metir 2, maƙwabcinka kuma ƙwanshi na santimetir 40 daga hannunshi. Naka ya fi nisa sau 5, biyar sau biyar 25. Ampul ɗinka ya fi nashi sau 3 kawai. Raba 25 da 3, teburinshi ya fi kekenka haske kusan sau takwas, da ɗan wat 5 ɗin nan nashi. Kai kana haska bango da buhunan ƙyalle da ƙasa, shi yana haska wurin aiki kaɗai.

Kuma kar ka yarda da ido wajen awo, ido sabawa yake da abin da ya samu. Rana tsaka bisa fili takan kai luks 100,000, farin wata na daren sha huɗu bai kai luks 1 ba, amma duk biyun muna tafiya muna gane hanya, shi ya sa ka shiga shago ka ga kamar rana ce. Aikin rubutu da karatu ana son luks wajen 500, ɗinki kuwa 750 zuwa sama, baƙin yadi ya fi haka buƙata don shanye haske yake, kaɗan yake maido ma ido, ga zaren shi ma baƙi.

In kana da babbar waya akwai wani ɗan ido kusa da kamarar gaba, shi ke sa gilashin wayar ya ƙara haske da kanshi in ka fita rana ya rage in ka shiga ɗaki. Sa yaro ya sauke maka apilikasiyon ta awon luks, ba ta kai na'urar gaske daidai ba amma ta isa ka gwada wuri da wuri. Aza wayar bisa farantin keke fuskarta na kallon sama ka rubuta lambar, sannan ƙara ma ampul wayar wuta ka sassauto da shi ka sake dubawa, ka zo ka ba mu labari.

Yaro_Mokoyo

Mushe to in haka ne panno ɗin ma ai nisa ne matsalarshi ko? In Baba ya ɗaga shi sama ya yi mashi dogon ƙarfe kamar na eriya ya matsa kusa da rana ba zai ƙara ja ba? Da gaske nike tambaya don ni ma namu na gida haka yake yi tun watan jiya

Mai_Sola_SabonGari

Ƙanena Yaro_Mokoyo tambayarka na kan hanya amma rana na nesa da mu kilometir miliyan 150, in ka ɗaga panno metir uku ko talatin ba abin da ka rage, sai dai ka ba iska abin kayarwa in damina ta zo kuma ka hana kanka hawa ka goge shi, wanda shi ne ma babban aikin.

Malam tela ni aikina kenan, kullum ina bisa kwanon mutane. Wat 150 ɗin da anka rubuta bayan panno ba alkawari ba ne na kowace rana, a masana'anta sunka auna shi da haske mai ƙarfin wat 1000 bisa kowane metir murabba'i kuma panno ɗin na da sanyin digiri 25. In hasken da ya sauka kanshi ya ragu rabi, amfiya, wato yawan wutar da yake turawa batir, ma kusan rabi take komawa, volt ne, wato ƙarfin turin wutar, ba ya sauka sosai shi ya sa wasu in sun sa mita sun ga volt lafiya lau sai su ce panno ba shi da laifi batir ne ya mutu, su je su sai sabo a banza. Amfiya za ka duba.

Hazo ta wuri biyu yake cinka. Akwai ƙurar da ke sama cikin iska, wadda ke sa ka kalli rana da safe ka gan ta fara fat kamar faranti ba ta kashe ido, wannan ba mu da yadda za mu yi da ita sai Allah ya yaye. Akwai kuma wadda ta kwanta bisa gilashin panno, wannan kam a hannunka take. Satin da ya wuce anka kira ni wani gida bisa hanyar Tibiri wai panno ya lalace a zo a canza, na hau na tarar da ƙura ta yi kauri har ina rubutu da yatsa a kai, ga kashin tantabara ya bushe wuri uku, ga reshen dogon yaro da ya tsiro tun damina yana jefa inuwa a gefe guda daga azahar. Ruwa rabin bokiti da tsumma da adda, shi kenan aikin, ban canza ko waya ɗaya ba. Inuwar nan kar ka raina ta, ƴan gidajen da ke cikin panno a jere suke ɗaure da juna kamar bututu guda, in inuwa ta rufe ɗaya ko biyu sai ta shaƙe duk layin, asarar ta fi girman inuwar nesa ba kusa ba. Ko igiyar shanya ko ƙarfen eriya ka kawar.

Wankin da sassafe ake yi kafin gilashi ya yi zafi, ruwa zalla da tsumma mai laushi, kar ka goge shi a bushe don yashi na kankare gilashi, kar kuma ka watsa ruwan sanyi tsakar rana. Lokacin hazo ni ina cewa duk kwana biyu ko uku.

Sai fuskar da yake kallo. Da yawa ƴan koyo na shimfiɗa panno yadda kwanon ya kwanta kawai, in kwano na kallon arewa shi ma arewa. Mu nan Maradi muna wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, panno kudu ya kamata ya kalla, a ɗan jingine kamar digiri 15, wannan jinginar ma na taimaka ma ruwan sama ya wanke shi. Yanzu da sanyi rana ta karkata kudu sosai, wanda pannonshi ke kallon arewa shi ya fi kowa kuka. Ka fara da waɗannan kafin maganar ƙaro wani. In ka yi duka sati guda bai canza ba to a duba batir, musamman in na mota ne anka sa maka, ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi kowane dare ba.

Mushe_Fizik

Madalla Mai_Sola, ka sauƙaƙa mani. Yaro_Mokoyo bari in ƙara maka abu ɗaya da zai ba ka mamaki. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, wajen kilometir miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, wajen miliyan 152. Wato lokacin da muke rawar ɗari muna jin wuta da asuba shi ne muka fi kusa da ita. Abin da ke rage mana ƙarfinta karkata ce. Koma ga tocilar nan, haska ƙasa a tsaye ka ga zagaye, karkata hannunka ka ga ya miƙe ya yi tsawo kamar ƙwai ya dushe, nisa bai canza ba fili ne ya ƙaru. A ƙarshen Disamba rana tsaka a Maradi tsayinta bai wuce digiri 53 daga ƙasa ba, a ƙarshen Afrilu kuwa tana bisa kai sak har mutum ya taka inuwarshi. Jinginar da Mai_Sola ke faɗi dabara ce ta sa hasken ya faɗo ma panno a tsaye.

Kuma panno haske yake so, ba zafi ba. Duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25 yana rage wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinshi, a bazara gilashin kan kai digiri 60 da wani abu bisa kwano, lissafa ka gani, kusan kashi 15 sun tafi. Shi ya sa ake barin tazara tsakaninshi da kwano iska ta riƙa bi.

Ina so yaranmu su san wannan ilimi ba baƙo ba ne a jiharmu. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi haifaffen Tasawa ne, 1929, masanin fizik ne kuma ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, yana aikin tukunyar dafa abinci da dumama ruwa da rana tun ana ganin abin kamar mafarki. Ya rasu 1991. Yau ga tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, wato wat miliyan 7, tun 2018 ga ta Gorou Banda mai megawat 30 tun 2023, lissafin da ke tafiyar da su shi ne dai wanda ke bisa kwanon Malam tela.

Maman_Nana

Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren jarirai nike, kuma maganar nisa da Mushe ya yi mu kullum muna cikinta. Jaririn da anka haifa da shawara, idonshi da jikinshi sun yi ɗorawa, shuɗiyar fitila muke kunna mashi mu rufe mashi ido, hasken ke farfasa abin da ya taru a jini har jiki ya fitar da shi. In fitilar ta yi nisa da gadon ko ƙwan ya tsufa, a ido tana nan shuɗiya kamar kullum amma aikin ya ragu, sai jariri ya ƙara kwanaki. Don Allah iyaye mata in kun ga haka ku kawo asibiti da wuri, ba fitilar gida ke yin wannan ba.

Malam tela kai kuma ban so ka bar maganar idon. Ka ce ka fi shekara ashirin bisa keke, ina jin ka haura arba'in. Daga wajen nan ganin kusa ke fara wahala ga kusan kowa, ba cuta ba ce girma ne, kuma idon babba ya fi na yaro buƙatar haske kafin ya ga abu ɗaya. Ka gyara fitila yadda sunka ce amma ka je a auna ka a ba ka tabarau daidai da idonka, kar ka ɗauki na bakin kasuwa ka yi ta gwadawa. In ka sauko da ampul kuma ka yi mashi rumfa, kar ƙwan ya riƙa dukan idonka kai tsaye, in ba haka ba ɗan baƙin ido zai tsuke don kare kanshi, ɗinkin ya ƙara yi maka duhu ga ciwon kai.

Tela_Bagalam

Ƴan uwa Allah ya saka da alheri, na dawo da labari. Ɗana ya sa mani abin awon a waya daren jiya. Da ampul na sama inda yake, na aza wayar bisa farantin keke ta nuna 60 da ƴan kai, na ce to ashe cikin duhu nike aiki shekara guda. Na samo wayar wuta metir biyu na ƙara, na sauko da shi kamar metir guda sama da keke ta nuna kusan 200, na ƙara saukowa har ya rage kamar kamu uku tsakaninshi da keke ta wuce 500. Da farko ya kashe mani ido yadda Maman_Nana ta faɗa, sai na ɗauko wata tsohuwar tasa ta silba na huda tsakiyarta na kifa bisa ampul ɗin, lambar ta ƙara hawa har wajen 800, ina jin cikin tasar ne ke maido hasken da ke tafiya sama. Na zura zare baƙi bugu ɗaya. Na gama wuyan rigar nan ban warware ko ɗinki guda ba.

Mushe abu ɗaya ne bai yi daidai da lissafinka ba, daga metir biyu zuwa ɗaya ka ce sau huɗu, ni sau uku da ɗan abu na gani, ko na yi kuskure?

Panno kuma na hau da asuba. Mai_Sola kamar kana wurin, ƙura har ban ganin layukan ciki, kuma gabas maso arewa yake kallo yadda kwanon ya kwanta. Na wanke shi, yau batir ya cika kafin la'asar. Juya shi kudu sai na samu mai walda ya yi mani ƙafa. Asibitin ido in sha Allah ranar Litinin.

Mushe_Fizik

Ba ka yi kuskure ba Malam, awonka daidai ne. Sau huɗun nan na hasken da ya taho kai tsaye daga ampul ne. Shagonka na da bango, lokacin da ampul ke sama wani haske na bugun bango da rufi ya dawo bisa keke ya ƙaru a kan lambar, shi ya sa ta farko ta ɗan fi yadda lissafi ya ce, a fili da dare inda ba bango za ka ga ta matso huɗu sosai. Wannan ma dabara ce, in bangon da ke gaban keke siminti ne baƙi ƙirin ka shafa mashi farar ƙasa. Kuma tun da hannun dama ke juya keke kan injin ɗin kuma na tsaye ta dama, ka ɗan gusa da ampul ta hagu da gaba kaɗan don inuwar kan keken kar ta faɗa bisa allura.

Mai_Sola_SabonGari

Malam in za a yi ƙafar ka ce ma mai walda ta baya, wadda ke arewa, ta fi ta gaba tsawo da santimetir 25 zuwa 26 a kowane metir guda na tsawon panno, shi ne digiri 15 ɗin, kuma ya bar kamar tafin hannu tsakanin panno da kwano ta gaba. Ka kira shi da yamma in kwano ya huce.